Darasin Python a Waya: Yadda Fankishin Ɗaya Zai Dawo da Amsa Fiye da Ɗaya

Masu koyon Python da yawa suna ɗauka cewa fankishin amsa ɗaya kawai yake iya dawowa da ita, sai ka ga sun rubuta fankishin uku a inda ɗaya ya isa. Buɗe Pydroid 3 ko Termux a wayarka mu gwada tare.

A ce ka rubuta yawan datar da ka ƙona cikin kwana biyar, a ma'aunin MB, kana son sanin mafi ƙanƙanta, mafi yawa, da jimla:

```
def lissafi(data):
    return min(data), max(data), sum(data)

kwanaki = [300, 450, 120, 800, 250]
kadan, babba, jimla = lissafi(kwanaki)
print(kadan, babba, jimla)
```

Allonka zai nuna 120 800 1920.

Me ya faru? A gaskiya abu ɗaya `return` ta dawo da shi. Waƙafin da ka sa tsakanin amsoshin ne ya sa Python ta ɗaure su a ƙunshi guda da ake kira `tuple`. Da ka jera sunaye uku a hagun alamar `=`, sai ta kwance ƙunshin ta ba kowane suna nasa, bi da bi.

Saboda haka ka kula da abu biyu. Na farko, adadi: idan amsa uku ce ka ba da suna biyu, shirin zai tsaya da kuskuren `ValueError`. Idan akwai wadda ba ka buƙata, sa alamar `_` a gurbinta, kamar haka: `_, babba, jimla = lissafi(kwanaki)`. Na biyu, jeri: idan ka musanya `kadan` da `babba`, Python ba za ta ce maka uffan ba, lissafinka ne kawai zai fito ba daidai ba.

Tarkon da ya fi kama mutane yana wajen dawo da `list`:

```
wayoyi = ["Tecno", "Infinix"]

def kawo():
    return wayoyi

sabo = kawo()
sabo.append("Itel")
print(wayoyi)
```

Kai `sabo` ka ƙara wa Itel, amma za ka gan ta a cikin `wayoyi` ma. Dalili kuwa shi ne `return` ba ta yin kwafi. Sunayen biyu jeri ɗaya suke nunawa, tamkar mutum mai suna biyu. A babban shiri, irin wannan na iya lalata maka bayanai ba tare da wani saƙon kuskure ba. Maganinsa shi ne ka rubuta `return wayoyi.copy()`, sai na asalin ya zauna yadda yake.

Aikin gida: rubuta fankishin da zai karɓi daƙiƙa 500 ya dawo da mintuna da ragowar daƙiƙu. Idan ka samu 8 da 20, ka kama darasin. Daga nan ka gwada `divmod(500, 60)` ka ga abin da za ta ba ka.