Darasi na 14: Waya, Barci da Kwanciyar Hankali

Ya kai ɗalibi, idan ka bi ta Pantami ko Tudun Wada a birnin Gombe bayan sallar isha'i, za ka tarar da matasa a ƙofar gida, kowa ya sunkuyar da kai a kan wayarsa. A shekarar 2001 aka fara amfani da layukan GSM a Nijeriya, amma yau sai ka ce da waya aka haife mu.

Likitoci sun ce mai shekara 13 zuwa 18 yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10. Wanda ya raba dare a TikTok kuwa, washegari sai gyangyaɗi a aji da saurin fushi.

Akwai wata illa da ido ba ya gani. Kana kallon hotunan tsararrakinka cikin sababbin kaya, sai ka raina naka, alhali da wuya mutum ya ɗora hoton ranar da ya yi kuka. Idan damuwa ta daɗe har ta hana ka cin abinci, ka gaya wa iyayenka su kai ka wurin likita. Akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya a cikin garin.

Tambayoyi
1. Mene ne ma'anar "raba dare"?
2. Awa nawa ka yi barci jiya?