Cinyoyina sun fi ƙarfin jikina

Tambaya: Anti, tun haihuwar fari cinyoyina suke ƙara kauri, ko taɓawa aka yi zafi. Na rage tuwo, shiru. Kishiyata ta ce tundurmi ne. Daga wani ƙauyen Dambatta.

Amsa: Ƙanwata, dubi ƙafafunki. In duka biyun sun yi kauri daidai, kaurin ya tsaya cak a idon sawu kamar an ɗaure da zare, ɗan bugu kaɗan jini ya kwanta, ya fi kama da lifidima, kitse mai ciwo da ke kama mata, sau da yawa gado ne. Tundurmi har yatsu yake kumburawa.

Yunwa ba ta narkar da kitsen lifidima. Kada wanzami ya yi miki tsaga, ki guji ƙwayar sa fitsari. Ki riƙa tattaki, da dare ki ɗora ƙafa kan matashi. Je babban asibitin Dambatta, ki tambayi safar matsi.