Darasin Mako: Adashi, Asusu da Tsayuwar Matan Karkara da Ƙafafunsu



Da yawa daga cikinmu, in aka bi diddigi, kuɗin rajistar jarrabawarmu ko na yunifom daga adashin iyayenmu mata ya fito. Shi ya sa a wannan mako muka ga ya dace mu tsaya mu fahimci yadda ƙungiyoyin tara kuɗi da ba da rance suke aiki, da abin da ya sa suke ɗaga matan karkara.

Ina matsalar take?

Macen karkara ba ta rasa sana'a ba. Tana yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, tana daddawa, tana dama fura, tana kiwon awaki da kaji. Abin da take rasawa shi ne jari a dunƙule, a daidai lokacin da take bukatarsa. Gyaɗa tana araha da kaka, ta yi tsada da bazara. Mai jari takan sayi buhu da kaka ta ajiye, marar jari kuwa sai ta riƙa sayen kwano-kwano da tsada, ribar ta ƙare a nan. Banki yana da nisa, ga neman takardu da jingina. Ɗan abin da ya shigo hannu kuma, in yana cikin ɗaki, cefane da gudunmawar biki za su cinye shi.

Adashi

Maganin da iyayenmu suka daɗe da sani shi ne adashi. Mu ɗauka mata 20 ne, kowace tana zubin naira 500 a mako. Duk mako za a haɗa naira 10,000, mace ɗaya ta kwasa, har a zagayo cikin mako 20. Da yayyafi kogi kan cika.

Sai dai adashi yana da iyaka. Bi da bi ake kwasa. In yaro ya kwanta rashin lafiya a mako na uku, alhali kwasarki sai mako na goma sha biyar, sai dai ki roƙi wata ta yi miki musaya. Kuma komai yana rataye ne a kan amanar uwar adashi.

Mata Masu Dubara

A shekarar 1991, a yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar, ƙungiyar agaji ta CARE ta haɗa kai da matan ƙauyuka suka yi wa adashi kwaskwarima. Sunan da aka ba tsarin na Hausa ne: Mata Masu Dubara, wato "dabara" a bakinmu na nan. Ba a kawo musu jari daga waje ba. Horo aka ba su, kuɗin kuma nasu ne. Daga Maraɗi tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka, har da Najeriya.

Ga yadda irin waɗannan ƙungiyoyi suke tafiya a yau:

1. Mata kamar 15 zuwa 30 da suka san juna ne suke haɗuwa, su tsara dokokinsu, su zaɓi shugaba, sakatariya, ma'ajiya da masu ƙirga kuɗi.
2. Duk mako ana zama, kowace ta yi zubi a gaban kowa. Ba a kwashe kuɗin, ana tara shi ne a asusu.
3. Asusun akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo uku. Mata uku ne ke riƙe da makullan, akwatin kuma yana hannun ta huɗu. Ba a buɗe shi sai a taro.
4. Mai bukata takan karɓi rance, galibi har ninki uku na abin da ta tara, ta biya cikin kamar wata uku.
5. Akwai ɗan asusu na daban don taimakon gaggawa, kamar rashin lafiya, gobara ko rasuwa.
6. Kafin a tashi ana faɗin jimlar kuɗin da ƙarfi, domin wadda ba ta iya karatu ba ma ta riƙe a ka.
7. Bayan wata 9 zuwa 12 ana fasa asusu, kowace ta karɓi rabonta gwargwadon zubinta.

Mu koma kan matanmu 20. Wadda ta yi zubi mako 10 ta tara naira 5,000, don haka za ta iya karɓar rancen naira 15,000 ta sari gyaɗa tun tana araha. In aka cika mako 40, zubi kaɗai ya kai naira 400,000, kowace tana da 20,000.

Batun ƙari a kan bashi

A tsarin da aka fi yaɗawa, mai rance tana biyan ɗan ƙari, a raba shi ga kowa ranar fasa asusu. Musulmi da yawa ba su yarda da wannan ba, domin kuɗin ruwa haramun ne. Saboda haka akwai ƙungiyoyin da suke ba da rance ba ƙari, ko su sayi kaya da kuɗin asusu su sayar a raba riba. Ya kamata kowace ƙungiya ta daidaita wannan batu da malamai tun kafin zubin farko.

Me ake nufi da dogaro da kai?

A Musulunci dukiyar mace tata ce, ko miji ba ya taɓa ta sai da yardarta. Asusu yana tabbatar da wannan haƙƙi a aikace. Mace za ta kai ɗanta asibiti ba tare da ta sayar da akuya a wulaƙance ba. Za ta sayi ɗan rago ta yi kiwo ta sayar da Layya. In rumbu ya yi ƙasa a tsakiyar damina, tana da abin tallafa wa maigida. Ban da haka, wadda ta saba ƙirga kuɗi da magana a gaban taro takan iya faɗin ra'ayinta in ana shawarar rijiya ko makarantar gari.

Inda ake tuntuɓe

Ƙungiya takan rushe in aka ci rance aka yi hidimar biki da shi, ko aka yi kara aka ƙi tambayar mai jinkirin biya, ko wani a gida ya sa mace ta karɓo masa bashi da sunanta. Akwai kuma 'yan damfara masu cewa a kawo musu kuɗi su ninka shi cikin kwanaki. Wannan ba asusu ba ne.

Namu aikin

Mu da muke koyon lissafi, in mun je gida mu taimaka wa iyayenmu da rubuta zubi da ranar biyan rance, mu kuma riƙe musu sirri.

Tambayoyi

1. Kawo bambanci biyu tsakanin adashi da asusu.
2. Me ya sa ake raba makullan akwati ga mata uku?
3. Mata 25 suna zubin naira 400 a mako har mako 48. Nawa suka tara, kuma nawa ne rabon kowace?

A jefa amsoshi a akwatin ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka dace a fitowa ta gaba, in Allah ya so.