Shawarwari Ga Masu Shagon Intanet a Gida: A Gwada Shafi Kafin Cunkoson Sallah

Gidaje da dama yanzu suna da ɗan shafin intanet na sayar da atamfa, turare ko kilishi. Kafin kasuwar Sallah ta buɗe, ya kamata a san ko shafin zai ɗauki masu saye ɗari a lokaci guda. Manhajar JMeter kyauta ce, aikinta tura masu saye na bogi su yi wa shafi rubdugu. Sai dai gwajin ba ya faɗin gaskiya sai in kowane mai saye daban yake da ɗan'uwansa, shi ya sa ake ɗebo su daga fayil.

1. Ku shirya fayil irin na CSV. Kowane layi mutum ɗaya: suna, kalmar sirri, kayan da zai nema, waƙafi a tsakani.

2. Kada ku bar mutum ɗaya ya yi ta neman kaya ɗaya. Nan aka fi yaudarar kai. Kwamfutar da ke riƙe da shafin tana ajiye amsar da ta bayar ɗazu, in an sake tambaya sai ta miƙo ta nan take. Sakamako ya yi kyau, a yi ta murna, ranar kasuwa kuma shafi ya durƙushe. Gara wannan ya nemi shadda, wancan leshi, wani ya nemi abin da babu shi ma a shagon.

3. Sunayen su zama na ƙirƙira. Bayanan kwastomominku amana ne, kuma Najeriya na da dokar kare bayanai tun 2023.

4. In da Excel za a shirya fayil ɗin, a kula. Yakan haɗiye sifirin farkon lambar waya, 080 ta koma 80. A kuma adana fayil da tsarin UTF-8, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ su rikiɗe.

5. Layuka su fi masu sayen yawa. In fayil ya ƙare, JMeter yakan koma farko, sai dai in an ce ya tsaya. A gwajin rajista, gara ya tsaya, don kada a yi rajista da suna ɗaya sau biyu.

6. Wajen biyan kuɗi, a yi amfani da makullin gwaji da Paystack da ire-irensa ke bayarwa.

7. Shafinku kaɗai za ku gwada, kuma ku sanar da kamfanin da ke riƙe muku shi tukuna. Yi wa shafin wani wannan rubdugu ba da izininsa ba, laifi ne.