Me Ya Sa Sauti Ke Yankewa? Girman Bafa da Aikin Faifan Kwamfuta

Da yawa sun taɓa cin karo da wannan matsala: ana cikin sauraron waƙa ko karatu a kwamfuta, sai sautin ya ɗauke na ƙiftawar ido, sannan ya dawo. Galibi akan ɗora wa lasifika ko fayil ɗin laifi, alhali sau da yawa matsalar tana tsakanin faifan ajiya ne da abin da ake kira bafa.

Bafa wani ɗan yanki ne na RAM da manhajar sauti ke tara bayanai a ciki kafin ta tura su lasifika. Kamar randa ce a gida. Ko famfo ya ɗauke, ba a rasa ruwan sha sai randa ta ƙare.

Abin da ke rikita mutane shi ne bafa iri biyu ce. Ta farko tana riƙe da sautin da aka riga aka warware, wanda ke dab da fita. Sauti mai ingancin CD yana cin kusan kilobayit 176 a kowane sakan, domin samfuri 44,100 ne, kowanne mai bit 16, a tashoshi biyu. A manhajar foobar2000 wannan bafa ita ce Buffer length, kuma tana zuwa a kan milisakan 1000, wato sakan ɗaya. Ta biyu tana riƙe da fayil ɗin kansa a matse, kamar yadda yake a faifai. MP3 mai 320 kbps kilobayit 40 kawai yake buƙata a sakan, don haka waƙar minti huɗu ba ta kai megabayit 10 ba.

Ke nan ba saurin karatu faifai ke rasawa ba, ko tsohon faifai ya fi ƙarfin wannan nesa ba kusa ba. Jira ne matsalar. Faifai mai juyawa allura ɗaya tak yake amfani da ita a lokaci guda, kuma idan ana kwafar fim ko manhajar kashe ƙwayar cuta tana bincike, sai manhajar sauti ta bi layi. Mafi muni shi ne faifan waje na USB da ya yi barci, wanda kan ɗauki 'yan sakanni kafin ya farka. Bafa ta sakan ɗaya ba za ta iya rufe wannan giɓi ba.

Kamfanin Apple ya yi dabara a iPod na farko a 2001. Na'urar tana da faifai mai gigabayit 5 da RAM mai megabayit 32. Faifan kan tashi, ya loda kimanin minti 20 na sauti, ya koma barci. Da haka batir ke jimawa, kuma girgiza ba ta katse waƙa. Amma mai yawan tsallake waƙoƙi yakan tilasta wa faifan tashi akai-akai, batir ya zube.

Ana iya yin irin wannan a foobar2000. A sashen Advanced, ƙarƙashin Playback, akwai Full file buffering, inda ake rubuta iyakar girman fayil a kilobayit. Idan aka sa 50000, duk fayil ɗin da bai kai kusan megabayit 50 ba za a ɗauke shi gaba ɗaya zuwa RAM. Sai dai akwai tarko. Tunda faifan ya zauna ba aiki har waƙa ta ƙare, yana iya yin barci, sai a ji shiru kafin ta gaba ta fara. A nan ne ƙara bafar fita zuwa sakan biyar ko fiye ke taimakawa, ko kuma a hana faifan barci da wuri.

Ƙara bafar fita ma yana da farashinsa: idan aka taɓa ikwalaiza, ba za a ji canjin ba sai tsohon sautin da ke cikin bafa ya ƙare. Mai kwamfutar da ke da SSD kuwa, gara ya bar saitin yadda ya same shi. Idan sautinsa na yankewa, ya fara duba direban katin sauti ko haɗin Bluetooth.