Kalmar "Gas" da Ma'anoninta Uku: Kwatanta Iskar Furofen da Fetur Daga Kudenda

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta iskar furofen da fetur a matsayin makamashin tarakta da motocin dakon kaya, ta kuma nuna yadda kalmar "gas" ke dagula kwatancen a Hausa.

1.0 Gabatarwa

Kudenda unguwar masana'antu ce a kudancin Kogin Kaduna, inda motocin dakon kaya ke shige da fice. Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, batun komawa ga "gas" ya yawaita a irin waɗannan wurare. Sai dai kalmar na ɗauke da ma'ana uku: man gas, wato dizal, gas na girki, wanda gaurayen furofen ne da butan, da kuma matsattsiyar iskar CNG da gwamnatin tarayya ke tallatawa.

2.0 Furofen da Fetur

Lita guda ta furofen tana ba da kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin litar fetur. Don haka arahar lita kaɗai ba hujja ba ce, sai an auna tafiyar da kowanne ya kai mota. Amma furofen ya fi ƙonewa sarai, bai cika barin baƙi a fulogi ba, kuma man inji ya fi daɗewa bai gurɓata ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa kamfanonin Amurka, kamar John Deere, suka ƙera tarakta mai amfani da shi a shekarun 1950, kafin dizal ya mamaye fagen.

A Nijeriya kuwa, tarakta da tirela dizal suke sha. Injin dizal ba shi da fulogi, saboda haka sauya shi ya fi na fetur wuya da tsada. Ƙananan akori-kura masu shan fetur ne kwatancen ya fi shafa.

3.0 Kammalawa

Ruɗanin bai tsaya a baki ba. Matsin iskar CNG ya ninka na furofen kusan sau ashirin, kuma tukunyar girki ba ta jure shi; ɗura mata ita na iya janyo fashewa. Wajibi ne masana Hausa su daidaita suna daban ga kowane makamashi, domin direba da makanike su san abin da ake nufi kafin a kai ga famfo.