Haɗin Gwiwar Malaman Hausa Tsakanin Makarantun Sakandare Wajen Koyar da Insha'i: Duba ga Yankin Noman Rani na Bunkure da Kura

Tsakure

Maƙalar nan ta dubi yadda malaman Hausa na makarantu daban-daban za su haɗa kai kan aikin rubutu guda ɗaya na ɗalibansu. Ta ɗauki yankin Bunkure da Kura a matsayin fagen misali, ta kuma kafa hujja da cewa babban abin da ɗalibi ya rasa a darasin insha'i shi ne mai karatu wanda ba malaminsa ba.

1.0 Gabatarwa

A bisa al'ada, insha'in ɗalibi daga littafinsa sai teburin malami, a ja masa jan biro a mayar masa. Jigogin ma sanannu ne, wasiƙa zuwa ga aboki ko bayanin ranar kasuwa, domin jarrabawar WAEC da NECO ake hange. Ɗalibin da ya san malaminsa ya riga ya san garin da kasuwar, ba ya ganin dalilin tsawaita bayani.

Shigar malamai cikin aikin rubutu na tare ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Gasar da R. M. East ya shirya a 1933 ta samar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ke koyarwa a Midil ta Katsina, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, malami a Midil ta Bauchi. Sai dai a nan malamai ne suka rubuta wa ɗalibai. Misalin da ya fi kusa da manufar wannan maƙala shi ne shirin da James Gray ya assasa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka cikin 1974, inda malaman makarantu daban-daban ke haɗuwa lokacin dogon hutu, kowa ya nuna dabarar da ta yi masa aiki a aji, su kuma yi rubutu da hannunsu.

2.0 Dacewar Yankin

Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, shi ke bi ta babbar magudana ya shayar da gonakin shinkafa da alkama da tumatir a ƙananan hukumomin Bunkure da Kura da Garun Malam, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Ruwan ɗaya ne, amma ba gani ɗaya ake yi masa ba. Manomin da ke kusa da bakin magudana yakan samu da wuri, na ƙurya kuwa sai ya jira. Idan malamai biyu suka ba azuzuwansu jigo guda, kamar rabon ruwa ko ɓarnar da tsutsar sharon ta yi wa tumatir a 2016, sannan suka yi musanyar rubuce-rubucen, ɗalibin Bunkure zai fuskanci tambayar takwaransa na Kura: wace gona, wane wata, wa ya faɗa? Amsa irin waɗannan tambayoyi ita ce tsara hujja da ake ta fama a koyar a allo.

Akwai riba ga manazarta harshe ma. Kalmomi irin su jigo da komi na tsohon noman lambu suna ja da baya, sababbi na aro suna shigowa tare da injin ban-ruwa, kuma 'ya'yan manoma sun fi kowa damar tattara su daga bakin iyayensu.

3.0 Inda Gizo Ke Saƙa

Wahalar tana wajen gyara. Matuƙar wani malami yana cire maki kan rubuta "ya na" a madadin "yana", wani kuma yana kau da kai, ɗalibai za su ɗauki musanyar a matsayin rashin adalci. Wajibi ne malaman su zauna kafin zango ya fara, su gyara takardu kaɗan iri ɗaya kowa shi kaɗai, sannan su kwatanta makinsu har su daidaita ma'auni. A zaman ne kuma za a yanke shawara kan karin harshe. Ra'ayin wannan maƙala shi ne a bar maganar manomi yadda ya furta ta, idan "siya" ya ce kada a mayar da ita "saya", a tsare daidaitacciyar Hausa a bayanin ɗalibi kawai.

Sai batun lokaci. Makonnin dashe da girbi sukan janye yara zuwa gona, don haka ya fi dacewa a ba da aikin tattara bayanai a waɗannan makonni, a bar rubutu da musanya sai aji ya cika.